Kai-sikwaya: Lissafin da ke yanke hukunci a Babi na Huɗu, da wuraren da yake yaudarar masu bincike

Duk ƙarshen zangon karatu, shagunan buga takardu da ke kewaye da jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha a Kano da Zariya da Sakkwato da Bauchi kan cika da ɗaliban ajin ƙarshe. Kowa na rungume da damin takardun tambayoyi da ya raba wa jama'a, yana neman wanda zai haɗa masa Babi na Huɗu, wato babin da ake nazarin amsoshi a kundin kammala karatu.

Mai shago zai zuba alƙaluman a manhajar SPSS, ya latsa nan ya latsa can, jadawali ya fito. Idan lambar da ke ƙarshen jadawalin ta gaza 0.05, sai a rubuta cewa an gano alaƙa mai ƙarfi. Idan ta haura, a rubuta babu alaƙa. Ɗalibi ya biya kuɗi ya tafi, sai ranar kare kundi a gaban malamai a tambaye shi ma'anar lambar, ya fara kame-kame.

Sunan gwajin da ke fitar da wannan lamba kai-sikwaya. "Kai" ɗin ba na Hausa ba ne, sunan wani harafi ne na Girkanci mai kama da X. Kuma amfaninsa bai tsaya a kundin ɗalibai ba. Da shi ake nazarin binciken lafiya da hukumomi ke dogaro da shi wajen raba gidan sauro da allurar rigakafi, da shi kamfanoni ke auna wa ke sayen kayansu, da shi ake fassara ƙuri'ar jin ra'ayi gabanin zaɓe. Idan aka karanta shi ba daidai ba, kuɗi da magani kan tafi inda ba a fi buƙatarsu ba.

Tambaya ɗaya yake amsawa

Yawancin amsoshin da ake samu a takardar tambayoyi ba awo ba ne, rukuni ne. Namiji ko mace. Birni ko ƙauye. Manomi, ɗan kasuwa ko ma'aikaci. Eh ko a'a. Ana iya fitar da matsakaicin shekarun mutum 200, amma babu matsakaicin sana'arsu. Abin da kawai za a iya yi shi ne a ƙirga mutum nawa suka faɗa kowane rukuni, a jera su a jadawali.

A ɗauki misali na ƙirƙira domin sauƙin lissafi. An tambayi mutum 200, rabi mazauna birni rabi mazauna ƙauye, ko sun kwana cikin gidan sauro daren jiya. A birni mutum 40 suka ce eh, 60 suka ce a'a. A ƙauye 60 suka ce eh, 40 suka ce a'a.

Ido ya ga bambanci. To amma ba dukkan mutanen birnin da na ƙauyen aka tambaya ba, wasu kaɗan aka tsamo. Da wasu 200 na daban aka tarar, da alƙaluman sun ɗan sauya. Saboda haka tambayar ita ce: wannan tazara ta 40 da 60, irin wadda arashi kaɗai ke iya kawowa ce, ko ta wuce nan?

Gwajin kan fara da zaton cewa babu wata alaƙa tsakanin wurin zama da kwana cikin gidan sauro. Tunda a jimlace mutum 100 cikin 200 ne suka ce eh, to da babu alaƙa, da an samu 50 a birni, 50 a ƙauye, haka ma masu cewa a'a. Wannan shi ne adadin da ake tsammani. A kowane jadawali ana samo shi ne ta hanyar ninka jimillar layin kwance da jimillar layin tsaye, a raba da jimillar mutane baki ɗaya. A nan, 100 sau 100 a raba da 200, ya ba da 50.

Daga nan sai a bi gurabe huɗun ɗaya bayan ɗaya. A kowane gurbi tazarar abin da aka samu da abin da ake tsammani 10 ce. A ninka 10 da kanta, 100 ke nan. A raba da adadin da ake tsammani, wato 50, a samu 2. Gurbi huɗu, kowane 2, jimilla 8. Wannan 8 ɗin ita ce ƙimar kai-sikwaya.

Ga jadawali mai layi biyu kwance biyu tsaye, iyakar da aka saba amfani da ita ita ce 3.84. Da a ce babu alaƙa a zahiri, sau 5 kacal cikin 100 arashi zai kai lissafin sama da wannan iyaka. Daga nan 0.05 ɗin ta samo asali. Tunda 8 ta zarce 3.84 nesa ba kusa ba, mai bincike na da hujjar cewa da wuya a ce arashi ne kaɗai. Iyakar abin da gwajin ya faɗa ke nan. Bai ce zaman ƙauye ne ya sa mutane kwana cikin gidan sauro ba, bai kuma ce alaƙar mai ƙarfi ce ba.

Daga ƙwayoyin ludo zuwa rigimar manya

Karl Pearson, malamin lissafi a Kwalejin Jami'a ta Landan, shi ne ya fitar da gwajin a shekarar 1900. Ɗaya daga cikin misalan da ya gwada shi a kai ya fito ne daga abokinsa masanin halittu, Walter Weldon, wanda ya ɗauki ƙwayoyi 12 masu fuska shida, irin waɗanda ake jefawa a wasan ludo, ya watsa su sau 26,306 yana rubuta sau nawa biyar ko shida suka fito.

Da ƙwayoyin daidai suke, da biyar ko shida sun fito kashi ɗaya cikin uku na jefawa 315,672, wato sau 105,224. Sai suka fito sau 106,602. Rarar 1,378 cikin dubu ɗari uku ba abin da ido zai kula da shi ba ne, amma lissafin Pearson ya nuna yiwuwar hakan ta faru bisa arashi bai wuce ɗaya cikin kusan 62,000 ba. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ɗige-ɗigen ƙwayoyin ramuka ne da aka ƙwaƙule, fuskar da ta fi yawan ramuka ta fi rashin nauyi, sai ta fi yawan kallon sama.

Sai dai Pearson ya yi kuskure a wani wuri, kuma matashi Ronald Fisher, wanda ya girme wa da shekara 33, ya fito da kuskuren fili a 1922. Batun shi ne gurabe nawa ne a jadawali ke da 'yancin sauyawa. A misalin gidan sauro, muddin an san jimillar kowane layi, da zarar an cike gurbi ɗaya da 40, sauran ukun sun riga sun tantance kansu. Ke nan gurbi ɗaya ne mai 'yanci. Pearson yana ƙirga uku. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin da uku iyakar ta tashi daga 3.84 zuwa 7.81, sai a riƙa watsi da alaƙar da take ta gaskiya.

Pearson bai karɓi gyaran ba, ya mayar da martani mai zafi. A 1926 Fisher ya ɗauko jadawalai sama da 11,000 da ɗan Pearson ɗin, Egon, ya haɗa domin wani aiki, ya nuna matsakaicin ƙimarsu ya faɗa kan 1, daidai yadda lissafinsa ya ce, ba 3 ba. Har Pearson ya rasu a 1936 ba su shirya ba. Ƙa'idar Fisher ce kowace manhaja ke bi a yau: a rage ɗaya daga yawan layukan kwance, a rage ɗaya daga na tsaye, a ninka su.

Wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne dukansu biyun sun yi imani da aƙidar nan ta tace irin ɗan Adam, mai fifita wasu jinsuna a kan wasu. A 2020 Kwalejin Jami'a ta Landan ta cire sunan Pearson daga wani gininta saboda haka. Lissafin dai ya rayu ya bar aƙidar.

Lamba ɗaya, labari biyu

Kuskuren da ya fi yawa a kundaye da rahotanni shi ne ɗaukar ƙaramar lamba a matsayin shaidar alaƙa mai ƙarfi. A koma misalin gidan sauro, a sauya yawan mutane kawai.

Da mutum 20 aka tambaya, 4 cikin 10 a birni, 6 cikin 10 a ƙauye, kason bai sauya ba, kashi 40 ne da kashi 60. Amma ƙimar kai-sikwaya ta faɗo zuwa 0.8, ba ta ko kusanci 3.84 ba. Mai bincike zai rubuta babu alaƙa, alhali gaskiyar magana mutanen da ya tambaya ne suka yi kaɗan.

Yanzu a juya. An tambayi mutum 20,000, a birni 4,900 cikin 10,000 suka ce eh, a ƙauye 5,100. Kashi 49 da kashi 51 ke nan, tazarar da babu jami'in lafiyar da zai sauya tsarin rabon gidan sauro dominta. Amma in aka buga lissafin, ƙimar 8 za ta fito, daidai da ta misalin farko mai kashi 40 da 60.

Ke nan gwajin na auna abu biyu a cakuɗe, girman tazara da yawan mutane, ba ya kuma raba su. Don haka ake haɗa shi da wani ma'auni da masani ɗan ƙasar Suwidin, Harald Cramér, ya fitar a 1946, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 1. A misalin mutum 200 ma'aunin 0.2 ne, a na mutum 20,000 kuwa 0.02. SPSS na fitar da shi da latsawa ɗaya, amma ba kasafai ake ganinsa a kundin ɗalibai ba. Ko babu shi ma, rubuta kason kowane rukuni a fili ya fi yi wa mai karatu amfani fiye da jera lambobi masu sifili da yawa.

Akwai kuma masu zuba kaso cikin ɗari a manhaja maimakon ainihin adadin mutane. Wanda ya yi haka ya shaida wa kwamfuta cewa mutum 100 ya tambaya a kowane rukuni, ko da 15 ne ko 3,000, sakamakon kuwa ba ya da wata ma'ana.

Abin da ya faru a Berkeley

Ko da lissafin ya fita daidai, fassararsa na iya karkacewa. Shahararren misali shi ne na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. A 1973 maza 8,442 suka nemi gurbin karatun gaba da digiri, aka ɗauki kusan kashi 44 cikin 100. Mata 4,321 suka nema, aka ɗauki kusan kashi 35. Duk wanda ya sa waɗannan alƙaluma a gwajin kai-sikwaya zai samu ƙima mai girman gaske, ya ce ana nuna wa mata wariya.

Peter Bickel da abokan aikinsa biyu suka bi alƙaluman sashe-sashe, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 1975. Cikin manyan sassa shida, huɗu sun ɗauki kaso mafi yawa na mata fiye da na maza. A sashe ɗaya ma, an ɗauki kashi 82 na matan da suka nema, maza kuma kashi 62.

Abin da ya faru shi ne mata sun fi tururuwa zuwa sassan da gurbi ya yi ƙaranci, irin su sashen Ingilishi, inda ake mayar da yawancin masu nema, mace ko namiji. Maza kuma sun fi neman sassa irin na injiniya, inda ake ɗaukar kaso mai yawa. Da aka haɗa kowa a jadawali ɗaya, sai sashen da mutum ya nema ya ɓuya, jinsi ya ɗauki laifin. Wannan bai wanke al'umma daga tambayar me ya sa mata ba sa neman waɗancan sassan tun farko ba, amma tambaya ce daban da wadda jadawalin farko ya nuna.

Irin wannan na iya faruwa a kowane bincike. Jadawali zai iya nuna alaƙa tsakanin mallakar wayar salula da haihuwa a asibiti, alhali zaman birni da ilimi da wadata ne ke jan duka biyun. Raba wa mata wayoyi ba zai gina asibiti a ƙauye ba.

Sharuɗɗan da ake tsallakewa

Gwajin na da sharuɗɗa, kuma manhaja ba ta hana mutum karya su. Na farko ya shafi ƙananan gurabe. Ƙa'idar da William Cochran ya bayar a shekarun 1950 ita ce kada adadin da ake tsammani ya gaza 5 a fiye da kashi 20 cikin 100 na gurabe, kada kuma ya gaza 1 a ko da gurbi ɗaya. Ɗalibin da ya tambayi mutum 60, ya raba su sana'a shida da amsa biyar, ya samar da gurabe 30, matsakaicin kowane mutum biyu. SPSS kan rubuta gargaɗi da ƙananan haruffa a ƙasan jadawalin, sau da yawa kuma wannan layin ne ake yankewa kafin a manna a kundi. Mafita ita ce a haɗe rukunan da suka yi kama, ko a koma ga wani gwajin na Fisher da aka tsara domin ƙananan alƙaluma.

Haka nan kowane mutum gurbi ɗaya ya kamata ya shiga. Tambayar da aka ce mutum ya zaɓi duk amsoshin da suka dace da shi ta karya wannan sharaɗi, haka ma tambayar mutum ɗaya kafin horo da bayan horo a ɗauke shi kamar mutum biyu.

Sai kuma yawan gwaji. Tunda iyakar 0.05 ta yarda da kuskure sau 5 cikin 100, wanda ya gwada jadawali 20 da babu alaƙar komai a cikinsu yana da damar kusan kashi 64 cikin 100 ya samu aƙalla ɗaya da ta tsallake iyaka. In ya ɓoye 19 ya buga ɗayar, babu wanda zai gane. Irin wannan ɗabi'a na cikin abin da ya sa Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman a 2016 tana jan kunne kan dogaro da wannan lamba ita kaɗai.

Sharaɗin da ya fi shafar masu aiki da manyan alƙaluman Najeriya shi ne yadda aka zaɓo mutanen. Binciken Al'umma da Lafiya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya tattauna da mata 41,821 'yan shekara 15 zuwa 49. Amma ba ɗaya-ɗaya aka tsinto su daga faɗin ƙasa ba. An tsara zaɓen yankuna 1,400, a kowane yanki gidaje 30. Mutanen unguwa ɗaya kuwa rijiya ɗaya suke sha, asibiti ɗaya suke zuwa, amsoshinsu kan yi kama. Mata 30 daga ƙauye ɗaya ba su kai mata 30 daga ƙauyuka 30 yawan bayani ba.

Gwajin Pearson bai san da wannan ba, sai ya kumbura ƙimar. Masana biyu, J.N.K. Rao da Alastair Scott, sun fitar da gyara a 1981 wanda ke rage ƙimar gwargwadon wannan kamanceceniya. Idan tsarin zaɓen ya rage darajar samfurin da rabi, ƙimar 6 kan koma wajen 3, ta faɗo ƙasa da 3.84, alaƙar da aka yi shirin bugawa ta ɓace. Manhajoji irin su Stata da R na yin gyaran, amma sai mai bincike ya shaida musu yadda aka zaɓo mutanen.

Idan kuwa tun farko zaɓen ya gurɓace, duk wani lissafi a kai kitso ne da ƙwarƙwata. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, ta samu amsa sama da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai lashe zaɓen shugaban ƙasa. Franklin Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su ta samo da yawansu ne daga kundin masu tarho da masu mota, kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka amsa. Ƙuri'ar da ake yi a Facebook ko a zauren WhatsApp a yau wannan ciwon take ɗauke da shi, komai yawan waɗanda suka latsa.

Idan alƙaluma suka cika kyau

Akwai wani amfani na gwajin da ya kamata masu cike takardun tambayoyi da hannunsu a ɗaki su sani. Kamar yadda ƙima mai girma ke nuna alƙaluma sun kauce wa tsammani, ƙima mai ƙanƙanta a kai a kai na nuna sun dace da tsammani fiye da yadda arashi ke bari.

Gregor Mendel, malamin cocin da ya gano ƙa'idojin gadon halitta ta hanyar shuka wani nau'in wake a lambu, ya ce a tsatso na biyu za a samu uku bisa ɗaya. A gwaji guda ya ƙirga ƙwaya 7,324, ya samu 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji. Lissafin uku bisa ɗaya ya ba da 5,493 da 1,831. Tazarar 19 ce kacal, ƙimar kai-sikwaya kuma 0.26. Wannan shi kaɗai ba abin zargi ba ne.

Amma a 1936 Fisher ya tattara dukkan gwaje-gwajen Mendel ya haɗa ƙimarsu. Inda ake tsammanin jimilla wajen 84, sai ya samu 41.6. A lissafinsa, sau 7 kacal cikin 100,000 arashi zai ba da dacewa mai kyau irin wannan. Fisher bai musanta ƙa'idojin Mendel ba, domin an sha tabbatar da su, sai dai ya yi zargin wataƙila wani mataimaki da ya san abin da maigidansa ke son gani ne ya gyara ƙirgen. Wasu masana daga baya sun kare Mendel, suna cewa ƙwayar da ba a tantance siffarta ba mai ƙirge kan jefa ta ɓangaren da yake tsammani ba tare da niyyar maguɗi ba, kuma har yau ana rubuce-rubuce a kan batun.